Sassaƙen Alƙalamin Kaka

Inna lillahi wa inna ilaihi raji'un. Kwana uku muka yi muna zaman makokin Kaka a shaƙƙarmu, wato sashenmu na gidan bene, a unguwar Ainu Shams ta Alƙahira, hawa na huɗu, kuma duk wanda ya hauro matakalar nan yana haki, da irin nasa Kakan ya zo.

Mutanenmu na Sudan tun daga bakin ƙofa suke ɗaga hannu a yi Fatiha kafin a gaisa. Ɗaliban Najeriya da Nijar suka ciko mikrobas, ƙaramar motar haya, daga unguwar Madinat Nasr, wani a cikinsu riƙe da takardar shaidar kammala karatunsa a leda, yana bin mutane yana nuna musu sunansa da Kaka ya rubuta masa. Wata tsohuwa da ta zo daga Sudan shekarun baya ta sami lungu ta zauna rungume da wani ƙaramin firam. Ba ta ci ba, ba ta sha ba, in an yi mata magana sai ta ce, "Shi ya mayar mini da su." Wani dattijo Bamisire da suka yi aiki tare ya zauna ya daɗe yana kallon hannuwansa, da zai tafi ya ce da maigidana, "Al-baƙa'u lillah. Yau an rufe littafin da ba wanda zai iya kwafarsa."

Shi kuwa bawwab ɗinmu, mai gadin gidan, abu ɗaya ya dame shi, kuma duk baƙon da ya shigo sai ya tare shi da shi a ƙasa. Har ni sai da ya tare.

"Wallahi ya hajja, tun ina saurayi nake gadin gidan nan, ban taɓa ganin an hau saman bene an hura wuta don ruwan wankan gawa ba. Ga murhun gas, butagaz, a kicin!"

Na ce masa wasiyya ce, na wuce. Haka na riƙa gaya wa duk wanda ya tambaya, don sauran labarin abin kunyata ne. Yanzu kuwa na ga in na ci gaba da rufe kunyata, da ita zan rufe mutumin. Za a ce an yi wani tsoho mai kyan rubutu a Ainu Shams, shi ke nan, alhali wannan ko rubu'insa bai kai ba.

Kaka ba kakana ba ne na jini. Kakan maigidana ne, shi ya haifi mahaifinsa. Kakanninsa Kanawa ne da suka taso da ƙafa za su aikin Hajji, suka yada zango a Sudan, zangon ya zama gida. Can aka haife shi, can ya yi karatun allo, ya taho Alƙahira yana saurayi da niyyar shekara biyu, bai koma ba. Ni kuwa Bazazzagiya ce, karatu ya kawo ni, aure ya riƙe ni. Ranar da aka kai ni gaishe shi ya ɗago ya dube ni ta saman tabarau.

"Jikana ya rasa inda zai ɗauko mini amarya sai Zazzau?"

Aka zuba mini ido a ga ko zan sunkuyar da kai. Na ce, "Kaka, da ka samu ma ka gode wa Allah. Wa zai ba tsoho mai baƙin yatsu 'yarsa?"

Ya yi dariya har da tari. Wasa biyu ne ya haɗu mana, na kaka da matar jika, da na Bakano da Bazazzage, kuma tun daga ranar bai sake kirana da wani suna ba sai Amarya, har bayan na haifi 'ya'ya uku.

Baƙin yatsun kuwa gaskiya na faɗa. Tawada ta shige masa fata yadda sabulu ba ya fitar da ita. Rabin rayuwarsa ya yi shi a wani ɗan shago a bayan tsohuwar kasuwa, inda ake gyaran littattafan rubutun hannu waɗanda gara ko laima ta ci a gidajen manyan mutanen da. Mai shagon wani tsoho ne ɗan asalin Farisa, kuma shi ya zama malaminsa. Kaka yana son ba da labarin ranarsa ta farko. Ya je yana taƙama da hannunsa na allo, haruffa masu kauri kamar sun ƙoshi da tuwo. Malamin ya duba ya ce, "Madalla. Wannan rubutun mutanen da ba sa tsoron kowa ne. Yanzu zo ka koyi na masu zama a gaban sarki." Ya ce shekara guda cur bai wuce haruffa biyar ba.

Abin da ya koya shi Misirawa ke kira rubutun Farisi. Haruffansa ba sa zama daram a kan layi kamar namu, gangarowa suke yi, su yi siriri su yi kauri a jan alƙalami ɗaya, suna reto kamar shanya a igiya. Kowane harafi da awonsa, kuma da ɗigon alƙalamin da ka rubuta shi ake auna shi. Alif ɗigo uku ne, in ya kai uku da rabi Kaka zai ce ya yi girman kai. Da wannan rubutu ake rubuta wa sarakunan Farisa littattafan waƙa da hikaya, irin masu zane a ciki, kuma irinsu ne suka fi zuwa hannunsa gyara. Ya kan ce littafi ɗaya hannu goma ne: wani ya shafe takarda da sitaci ya goge ta da dutse har ta yi santsi, wani ya ja layin gefe, wani ya rubuta, wani ya niƙa zinare da ƙaro ya yi zayyana, wani bai san komai ba duk rayuwarsa sai zana dawakai. "Sunan sarki ne a gaba," in ji shi, "su kuwa ko ɗaya ba ka san sunansa ba. Ni nan na san su da hannu. In na buɗe shafi na san wanda ya gaji, na san wanda aka yi wa faɗa da safe."

To ga abin da na yi. Wata na biyu da tarewata, ranar wata Juma'a, maza sun tafi masallaci, Gwaggo 'yar Kaka da muke zaune tare ba ta dawo daga unguwar Mohandessin inda take yi wa wasu girki ba. Ni kuma amarya, ina son a yaba. Na shiga ɗakin Kaka da tsintsiya, na kakkaɓe, na wanke labule, na jawo abin da ke ƙarƙashin gado. Sai ga wani tsohon buhun yadi, cike fal da sassaƙen kara da guntayen alƙaluma da suka gajarce. Na ce a raina wannan ai gidan kyankyasai ne, tsufa dai ba ta yi ba. Daidai nan na ji mai kwasar shara yana kira a matakala. Na ja buhun na miƙa masa, na dawo na sa turaren wuta, na tsaya jiran sannu.

Kaka ya dawo, ya shiga, ya tsaya. Ya zura sandarsa ƙarƙashin gadon ya karkaɗa. Sannan ya zauna a bakin gado.

"Amarya, an yi shara."

"An yi, Kaka, har ƙarƙashin gado."

"Sannu da aiki. Allah ya yi albarka."

Ranar bai ci abincin rana ba. Sai da Gwaggo ta dawo na ba ta labarin aikina da fara'a, ta ɗora hannu a ka ta zauna a ƙasan kicin. Ita ta gaya mini. Al'ada ce ta marubutan can, malamin Kaka ya gada wurin nasa malamin: duk alƙalamin da ka fiƙe, ba ka zubar da sassaƙensa, don alƙalami ne da ya rubuta sunan Allah, ba a barinsa a tattake. Kana tarawa duk rayuwarka, ranar da ka mutu a hura wuta da shi a ɗumama ruwan wankanka. Da hannunsa Kaka ya hura wa malaminsa tasa. Buhun nan tarin sama da shekara arba'in ne, kuma Gwaggo ta ce sau uku suna sauya gida, kowane karo shi yake rungumo shi da kansa ba ya ba ɗan dako.

Maigidana ya bi sawun motar shara har unguwar da ake tsince ta, ya yi yini biyu yana tambaya. Wa zai ajiye buhun sassaƙe a Alƙahira? Ya dawo da warin bola a jiki da hannu wayam.

Na shiga na durƙusa a gaban Kaka ina kuka, kukan da ban yi irinsa ba ko ranar da aka rabo ni da gidanmu. Ya bar ni sai da na yi mai isata.

"Ma'alish, ba komai. Ke kin san abin da ke ciki ne? Laifina ne. Ga ni marubuci, shekara arba'in ban rubuta ko kalma ɗaya a jikin buhun ba. Tashi, khalas. Sai mu sake farawa."

Ya haura saba'in a lokacin, hannunsa ya fara rawa, ya daina zuwa shago. Na ce, "Kaka, zai kai kuwa?"

"Ni kaɗai ba zai kai ba." Ya dube ni. "Amma sassaƙen ɗalibi ai na malaminsa ne. Wanda ya zubar shi zai tara. Gobe bayan la'asar ki zo da hannunki a wanke."

Haka na zama ɗalibar Kaka, ba don sha'awa ba, kada in yi wa kaina ƙarya, don nauyin da ke ƙirjina. Ni da malamanmu na jami'a ke cewa rubutuna kamar kaza ta yi tono. Kullum bayan la'asar in zauna a tabarma in ɗaga gwiwar dama in ɗora takarda a kai, kurtun tawada a gefe da zaren siliki a ciki don kada alƙalami ya ɗebo fiye da ƙima. Shi ya koya mini dama tawada da baƙin fitila da ƙaro. Shi ya koya mini ɗauke numfashi in zan ja harafi mai tsawo. "Numfashi yana fitowa a rubutu," in ji shi, "har fushin da kika yi da jikana da safe ga shi nan a wutsiyar wannan nun ɗin." In na yi sauri ya ce tawada ba ta son mai kiran mikrobas. In alƙalami ya yi ɗan kukan nan da yake yi a kan takarda mai santsi in an riƙe shi daidai, sai ya ɗaga yatsa ya ce, "Kin ji? Ya gaishe ki." Wata takwas na yi kafin ya gaishe ni.

In mun gama sai in tattara sassaƙena a ɗan ƙyalle in miƙa masa, ya shige da shi ɗaki ya kulle a kabad, ya zura makullin a aljihu. Na taɓa cewa ya kawo in ajiye masa.

"Ke da ɗakina kuma? An sha mu mun warke."

Ganin abin ba ya sauri, sai na ɓullo da dabara. Na riƙa sayo kara da yawa, in Kaka ya shiga alwala in yi ta fiƙa ina ƙarawa a ƙyallen. Kwana huɗu na yi ina cin nasara. A na biyar ya baza sassaƙen a tafin hannunsa, ya shiga tsince wasu ɗaya bayan ɗaya yana ajiyewa gefe.

"Bazazzagiya da wayo! Wannan bai taɓa shan tawada ba. Wannan ma. Sassaƙen da bai yi rubutu ba itacen girki ne, kai wa Gwaggonki ta dafa shayi."

Faɗanmu na gaske sau ɗaya muka yi, a shekara ta uku. Ya ga hannuna ya fara faɗawa, sai ya ce zai nuna mini inda rubutun nan yake zama in ya je gidansu. Ya ciro wata takarda daga cikin yadi. Kwafi ne da ya yi da hannunsa yana matashi, na wani shafi da suka gyara, shi ne jarrabawar da malaminsa ya yi masa. Lambu ne, da wani ɗan sarki zaune a kan darduma a ƙarƙashin rumfa. Sama ba shuɗiya ba ce, zinare ce tsantsa. Duwatsu ruwan hoda, doki da launin da ban taɓa ganin doki da shi ba, kowane ganye an zana shi shi kaɗai, kuma babu abin da ke da inuwa. Baitoci huɗu a 'yan akwatuna sama da ƙasa. Can a kusurwa wani mutum ya ɗaga gwiwar dama yana rubutu, kusa da shi wani yana goge takarda da dutse. Kaka ya ce da gashin wuyan 'yar kyanwa ake yin burushin da ke zana gira.

Ni kuwa ranar daga darasin hadisi na fito, kaina cike. Na ce, "Kaka, wannan fa surar mai rai ce." Na kawo nassi, na kawo maganar malamai, murya tana hawa, har Gwaggo ta leƙo daga kicin. Bai katse ni ba.

"Na ji abin da kika ji tun ba a haifi babanki ba," in ji shi. "Duba fuskar ɗan sarkin."

Na duba. Babu fuska, sai dusu-dusu kamar an shafa da yatsa.

"Haka na same ta a asalin. Wani ya riga ki, tun zamanin da ba wanda ya sani, ya lashi babban yatsansa ya goge. Wanda ya zana ya tafi, wanda ya goge ya tafi, duk suna gaban wanda ya fi ni da ke sani. Ni aikina kada takardar ta ruɓe. Ban ƙara fuska ba, ban goge fuska ba, har gogewar na kwafa."

Ban gamsu ba, na tashi na fita. Wata guda da 'yan kwanaki ban zauna a tabarmar nan ba, shi kuma bai kira ni ba. Muna gaisawa, ina kai masa abinci, wasa ya mutu. Amma kullum bayan la'asar ina jiyo 'yar wuƙarsa ta bayan ƙofa, ta karta ta tsaya, ta karta ta tsaya, kuma na san kowace rana da na ƙi zuwa me take ragewa. Ran nan na je kwashe kwanuka na ga ƙyallensa da jini. Hannun da ke rawa ya kai wuƙar kan yatsa. Na tura ƙofa na zauna na karɓe wuƙar.

"Kin gama fatawar?"

"Ban gama ba. Har yanzu ina kan bakana."

"Tamam. Zauna a kan bakanki, ki ɗaga gwiwa."

Har ya koma ga Allah ba mu daidaita a kan maganar ba. Bai sake ciro takardar ba sai in ni na roƙa, kuma na roƙa, ba sau ɗaya ba, don in kalli mutumin nan na kusurwa. Na gode masa da bai nemi in ajiye abin da na yarda da shi kafin ya ba ni abin da ya sani ba.

Da mutanenmu suka yi ta kwararowa daga Sudan saboda yaƙi, gidanmu ya zama mashiga. A cikinsu har da tsohuwar nan mai firam. Ta zo da kayan jikinta kawai, mijinta da 'ya'yanta maza biyu sun rasu a can, ko hotonsu ba ta tsira da shi ba. Tana ba Gwaggo labari Kaka yana ji daga ɗaki. Ya fito ya ce, "Ya hajja, faɗa mini sunayensu." A lokacin hannunsa ba ya iya jan harafi mai tsawo, don haka ni na rubuta sunayen, ya sa na sake har sai da takardu suka taru a gefena, shi kuma ya bi ya ɗiga ɗigogin da kansa yana riƙe wuyan hannunsa da ɗayan hannun. Sauran zinaren da yake tattali tun zamanin shago ya niƙa ya zagaye takardar da shi. Haka muka ƙarasa shekarun ƙarshe, ni haruffa shi ɗigo. Ɗaliban da ke zuwa a rubuta musu suna a takardar shaida suna tafiya suna cewa hannun Kaka bai tsufa ba, shi kuma ya ƙifta mini ido kada in tona.

Shekara tara muka yi a haka. Ya rasu da hantsi a tsakiyar sanyin hunturu, bayan ya sha shayinsa, Gwaggo na riƙe da kansa yana maimaita kalmar shahada. Aka sa jana'iza bayan la'asar. Baffa, babban ɗansa, shi da maigidana za su yi wanka. Baffa mutum ne mai tsayawa kan nassi, ya sha gaya wa mahaifinsa cewa maganar sassaƙen nan ba ta cikin sunna, Kaka kuma ya sha ba shi amsa ɗaya: "Ba addini ba ne, ba kuma saɓo ba ne. Ruwa dai sai an ɗumama shi da wani abu." Ranar bai hana ba, ya dai ce a yi sauri.

Gwaggo ta ciro makullin daga aljihun rigar Kaka muka buɗe kabad. Ina zaton zan ga abu ɗaya, sai na ga biyu. Ƙaramin gwangwanin madara, an liƙa masa takarda da rubutu mai rawa: Nawa. Kusa da shi babban gwangwani, ya ninka wancan sau uku ko fi, shi ma da takardarsa. Wannan rubutun ba ya rawa, tun shekarar farko aka yi shi, Hausa ce da ajami a hannun Farisi mafi kyau da na taɓa gani ya yi: Wannan na ɗalibata ne, don haka nawa ne. Na ba ta. Na ruwanta ne.

Na tsaya ina karantawa ina sakewa. Shekara tara ina miƙa masa ƙyallen nan ina cewa na rage laifina, ashe ko ƙwaya ɗaya bai taɓa haɗawa da nasa ba.

Gwaggo ta ce, "Ya gaya mini tun a makon farko. Ya ce yarinyar nan in ban ba ta abin yi ba, baƙin ciki zai fitar da ita daga gidan nan, jikana ya rasa mata a kan buhun tsinke."

Muka hau saman bene da gwangwanayen biyu, da tukunyar ruwa, da murhun gawayin da Gwaggo ke dafa gahawa a kai. Iska na kaɗawa, muka tare ta da bargo. Gwaggo ta yi bismilla ta juye na Kaka ta kunna. Sassaƙen kara ba ya daɗewa. Ya kama da sauri, ya yi haske, ya yi ƙamshin tawada, kafin mu gama salati nawa ya zama toka. Gwaggo ta tsoma yatsa a tukunyar ta cire, ba ta dube ni ba. Na tsoma nawa. Ruwan ya daina cizo, amma sanyi ne.

Baffa ya kira daga matakala, "Yalla, lokaci na tafiya! Ku sauko da shi a ƙarasa a butagaz, babu komai a ciki."

Gaskiya ya faɗa, babu komai a ciki. Da an sauko da shi da wankan ya inganta, da ba wanda zai ce an yi wa Kaka ba daidai ba. Amma ni na san wadda ta sa ruwan nan ya yi sanyi. Na jawo babban gwangwanin na ɓalle murfin. Gwaggo ta riƙe mini wuyan hannu.

"Ya ce naki ne."

"Tunda nawa ne, Gwaggo, sakar mini hannu."

Ta saki. Na riƙa zubawa tafi bayan tafi don kada iska ta cinye shi a banza. Ga na shekarar da nake ta fama da alif, manya-manya marasa fasali. Ga na bayan faɗanmu. Ga guntun alƙalamin da ya rubuta sunayen 'ya'yan tsohuwar nan, na gane shi da tsagar da ke gefensa. Hayaƙi ya tashi har bawwab ya hauro a guje yana zaton gobara ce. Ina cikin tafin ƙarshe tukunyar ta fara 'yar ƙara, tururi ya ɗago murfin.

Baffa ya hauro da kansa, da alama zai yi faɗa. Ya dubi gwangwanayen biyu a kife, ya ɗauki takardar da ta ɓalle daga babban ya karanta. Ya naɗe hannun riga ya tsoma hannu a ruwan ya daɗe bai cire ba.

"Ya yi," in ji shi.

Bai bar kowa ya taya shi ba, shi ya sauko da tukunyar, hawaye na bin gemunsa.

Allah ya jiƙan Kaka, ya sanyaya makwancinsa kamar yadda ya sanyaya mini zuciya ranar da na cancanci faɗa. Allah ya sa duk harafin da ya rubuta ya tsaya masa shaida, ya gafarta wa malaminsa da waɗancan masu hannu goma da ba a san sunayensu ba. Na shigo gidansa na zubar masa da tarin rayuwarsa, shi kuma ya ba ni sana'a, ya riƙe mini aurena, bai taɓa goranta mini ba ko da wasa, shi da ba ya barin komai ya wuce bai yi wasa da shi ba. Na gode, Kaka.

Ranar da aka tashi daga zaman makoki, bayan la'asar, na shimfiɗa tabarmar na zauna ni kaɗai. Na ɗauki 'yar wuƙarsa na fiƙe sabon kara, na tattara sassaƙen na zuba a babban gwangwanin, ya faɗa can ƙasa ko ƙara bai yi ba. Sai mu sake farawa. Ina da ɗa namiji, wata rana zan yi suruka, kuma na san abin da son a yaba ke sa mutum. Don haka na ɗaga gwiwa, na ɗauke numfashi, na rubuta abin da Kaka ya ce ya manta bai rubuta ba, na ɗiga ɗigogin da kaina, na liƙa a jikin gwangwanin: Ba shara ba ne.